Yadda mai lalurar hannu zai karanta jarida shi kaɗai, daga allon kafinta zuwa saitin waya

Duk wanda ya tsara jarida, mai lafiyayyun hannuwa biyu ya yi wa. Hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya juya shafi, yatsu su raba takardun da suka manne. Wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da wanda ya samu rauni a laka a hatsarin mota ko na acaɓa, da wanda shan inna ya taɓa wa hannu, da dattijon da hannunsa ke karkarwa, da wanda kuturta ta ɗauke wa yatsu, akasarinsu idonsu garau yake, hankalinsu kuma daram. Riƙewa da juyawa ne kawai suka gagara. A gidaje da yawa a nan Bauchi, maganin da aka sani shi ne a kira yaro ya karanta wa Baba. Yaron zai karanta kanun labarai biyu, ya tsallake sharhin da Baba ya fi so don ya yi masa tsawo, sannan ya tuna an aike shi. Rediyo na ƙoƙari, musamman shirin sharhin jaridu na safe, amma a can ma mai gabatarwa ne ke zaɓar abin da za ka ji.

Ma'aunina a wannan aiki guda ɗaya ne. Idan kowa ya fita aka bar mutumin shi kaɗai, zai iya buɗe labarin da ya ga dama, ya kai ƙarshensa, ya koma wani, ba tare da ya ƙwala wa kowa kira ba? Na'urar da ta kasa wannan, komai tsadarta, ba ta biya buƙata ba.

Mataki na farko: nemo gaɓar da ke jin magana

Abin da aka fi yi shi ne a fara da kasuwa. Ɗa ya turo kuɗi daga Abuja, a je Wunti a sayo waya mai ƙatuwar fuska a kawo wa Baba, kafin wata ya mutu ta koma hannun jikoki. Kafin a sayi ko allura, a zauna da mai lalurar a gano wane motsi ne jikinsa ke yi masa biyayya a kansa. Ba dole sai yatsa ba. Yana iya zama gefen tafin hannu, bayan yatsu, gwiwar hannu, haɓa, juya kai, ɗaga gira, buɗe baki, gwiwa, babban yatsan ƙafa, ko murya.

Gwajin ba shi da wuya. A ajiye murfin kwalba kusa da gaɓar da ake zato, a ce: “Baba, taɓa wannan, sannan ka ɗauke.” Ya yi sau goma a jere. Ana duba ko yana taɓawa daidai lokacin da ya yi niyya, ko motsin na sa shi ciwo, da ko yana tayar masa da ƙagewar jijiya ko fizgar jiki. A lura sosai da ɗaukewar, don ita aka fi mantawa da ita. Akwai hannun da ke iya dannawa amma ya kasa saki, irin wannan hannu kuwa waya za ta ɗauka dogon danni yake yi, ta riƙa fito masa da abin da bai nema ba. A yi gwajin da hantsi, a sake bayan la'asar, domin gaɓar da ke aiki da safe tana iya gajiya kafin yamma. In an samu motsi biyu masu kyau, an huta. In ɗaya ne, shi ma ya isa, sai dai aikin zai ɗan fi jan lokaci.

Idan akwai hali, a kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen ƙasar Katagum kuma asibitin tarayya na Azare ya fi musu kusa. A tambaye su kai tsaye wane zama ne ya dace da shi, wace gaɓa ce bai kamata a takura mata ba. Ga wanda ɓarin jiki ya shanye wa, akwai wani abu kuma: wasu ba sa ganin rabin abin da ke gabansu, ko ba sa lura da ɓangare ɗaya sam. In ka ga yana fara karanta layi daga tsakiya, to a matsar da abin karatun zuwa ɓangaren da yake gani, a kuma gaya wa likita. A duba tabaraunsa ma. Sau da yawa ana ɗora wa hannu laifin ido.

Mataki na biyu: allon karatu

Wannan allo shi ne ginshiƙin komai, ko takarda za a karanta ko waya, kuma kowane kafinta a unguwa zai iya yin sa cikin yini ɗaya. Ka tafi masa da tsohuwar jarida a hannu, kada ka tsaya yi masa kwatance da baki. Jaridunmu irin su Daily Trust da Aminiya ƙaramin bugu ne, in an buɗe su faɗinsu bai cika wuce inci 24 ba, don haka filawud mai inci 26 a faɗi da 18 a tsayi ya wadatar. A zaɓi mara nauyi amma wanda ba ya lanƙwasa.

A ƙasan allon a buga ɗan siririn katako mai fitowar inci ɗaya da rabi, wanda jarida za ta zauna a kai. A baya a sa ƙafa mai hinji, da gurbi uku a gindin inda ƙafar za ta riƙa tokarewa, yadda za a iya miƙar da allon ko a kwantar da shi. Kafinta zai so ya tsayar da shi cak kamar allon makaranta. Ka hana shi. Takardar jarida ba ta da ƙashi, in allo ya miƙe da yawa sai shafin ya rusuno wa mai karatu a fuska. Rabin kwanciya rabin tsayuwa, wajen digiri 45, shi ne inda nauyin takardar ke riƙe kanta. A manna yankakkiyar robar tiyub a ƙarƙashin gindin don kada allon ya zame in an tura shi, a kuma goge duk gefuna da sanfefa.

Sai ɗan abin da ya fi komai amfani, alhali kuɗinsa bai kai na ruwan leda ba. A buga ƙusa ɗaya a tsakiyar saman allon ta baya, ɗaya a tsakiyar ƙasa, a ɗaura robar wando daga wannan zuwa wancan ta gaba. In an kawo jarida, a buɗe ta a tsakiya a zura ta ƙarƙashin robar, robar ta kwanta a kan layin ninkin. Jarida ba a ɗinke take ba, falle-falle ne aka cusa cikin juna, shi ya sa da an juya shafi biyu take wargajewa. Robar nan ita ke mayar da ita littafi.

Tsayin da allon zai zauna ya danganta da mai shi. Mai zama a keken guragu a yi masa faranti na katako da zai hau kan hannuwan keken, a ɗaure da maɗauri ta baya. Mai kwanciya a yi masa ɗan tebur mai ƙafafu a gefe da gefen katifa, ya haye cinyarsa ba tare da ya danne ta ba. Mai zaman tabarma gajerun ƙafafu sun ishe shi. A kowane hali, saman shafin ya yi daidai da idonsa, kada ya riƙa sunkuyo. Haske ya zo ta bayan kafaɗarsa. Fanka kuwa a juya ta ta bugi jikinsa daga gefe ko daga baya, domin in ta fuskanci takardar, ita za ta riƙa zaɓar masa shafi.

Mataki na uku: gyara jaridar da abin juya shafi

Wanda ya karɓo jarida daga hannun mai jarida yana da aikin minti biyar kafin ya kama gabansa. Ya karkaɗe ta shafukan su rabu, don sabon bugu kan manne, da damina kuma takardar kan sha laima. Sannan ya yi wa kowane falle kunne: ɗan yankin kwali da aka naɗe da salatif, a manna a gefen dama ya ɗan fito waje. Kada a jera kunnuwan a wuri ɗaya. Na farko a sama, na biyu ya ɗan sauko, na uku ya ƙara saukowa, yadda kowanne zai fito fili. In babu lokacin wannan, ko lanƙwasa kusurwar ƙasa ta kowane shafi aka yi, ya rage wahala.

Abin juya shafi mafi sauƙi shi ne fensir mai robar gogewa a gindi, a juya shi robar ta koma gaba. Wanda ke iya riƙo amma ba ƙarfi, a naɗa wa fensirin soso ya yi kauri. Wanda yatsunsa ba sa kamawa sam, a je wurin shumeka ya ɗinka masa ɗamarar fata mai faɗin yatsu biyu da za ta zagaye tafin hannu, da ɗan aljihu ta ciki inda fensir zai shige ya tsaya. Bakin ɗamarar a sa masa maɗauri mai mannewa irin na takalman yara, da zoben ƙarfe a ƙarshe, don ya iya ja da babban yatsa ko da haƙori ya sa ya cire da kansa.

Juyawar ma tana da salonta. Ba gefen shafin ake kamawa ba. Ana ɗora robar a tsakiyar shafin dama, a tura ta wajen ninkin a hankali har takardar ta yi tozo, sai a zura fensirin ƙarƙashin tozon a share shi zuwa hagu. Kwanakin farko shafi zai yage, ko biyu su tafi tare. A bar shi ya koya da tsofaffin jaridu, kada a tsaya masa a ka.

Wanda hannuwansa biyu ba sa aiki yana iya amfani da sandar baki ko sandar kai. Ta kai ta fi sauƙin haɗawa: siririyar sandar alminiyam, irin ta tsohuwar eriyar talabijin, a ɗinke ta a jikin hular hana-sallah, a sa roba a bakinta. Ta baki kuwa tana buƙatar kula. Kada a ba mutum zagayayyen itace ya ciza da haƙoran gaba, zai lalata masa su. Wurin cizon ya zama mai faɗi, nauyin ya rabu a kan turame, kuma likitan haƙori ya gani kafin a saba da ita. A yi mata mazauni a gefen allon inda zai ajiye ya kuma ɗauka da kansa, a riƙa wanke ta kullum. Gaskiyar magana dai, juya babban shafi da wuya aiki ne mai gajiyarwa. Wanda lalurarsa ta kai nan, waya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: shirya wayar

A ɗaure wayar a kan allon nan da robobi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a tazarar kamu guda daga fuskarsa. Mariƙin nan mai dogon wuya da ake sayarwa a shagunan kayan waya yana da kyau ga wanda ba zai taɓa fuskar wayar ba, amma da an danna sai ya kama rawa, mai karkarwar hannu kuma rawa biyu ta yi masa yawa. In da halin tablet, ta fi, domin komai a cikinta ya fi girma. Sandar itace ko fensir ba sa aiki a fuskar waya. Sai alƙalamin waya mai bakin roba, a cusa shi cikin ɗamarar shumeka ko a ɗaure a bakin sandar alminiyam, a gwada a gani kafin a biya kuɗi.

Akasarin wayoyin da ke hannunmu Android ne, Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi, kuma kowane kamfani da inda yake ɓoye abubuwa. Don haka kada ka wahalar da kanka da lalube. Shiga wurin saiti, ka rubuta sunan abin a akwatin bincike na sama, da Turanci kamar yadda yake a wayar.

Fara da makulli. Zanen sirri ko lambobi shida su ne shingen farko da ke sa a kira yaro. A cire makullin gaba ɗaya, amma fa da sharaɗin babu manhajar banki a wayar, kuma layin da ke ciki ba shi ne mai karɓar saƙon banki ba. Sai lokacin mutuwar fuska, Screen timeout, a kai shi ƙarshen abin da wayar ta yarda. In ana so kada ta mutu sam muddin tana caji, a nemo Build number a danna sau 7, wani sashe mai suna Developer options zai bayyana, a kunna Stay awake a cikinsa, a fito ba tare da an taɓa komai ba. A ƙara girman rubutu da na hotunan manhajoji ta Font size da Display size. A kashe juyawar fuska, don kada shafi ya kife in allo ya motsa.

Daga nan a shiga Accessibility. Touch & hold delay a mayar da shi Long, saboda hannun da ke jinkirin saki. A kunna Accessibility Menu, wanda ke fito da manyan madannai na ƙara sauti, kulle waya da sauran abubuwan da a da sai an matsa gefen waya. Masu Samsung suna da ƙari a ƙarƙashin Interaction and dexterity: Ignore repeated touches na sa waya ta yi watsi da danni na biyu da na uku da karkarwa ta jawo.

A ƙarshe a buɗe Chrome, a shiga shafin Aminiya, da BBC Hausa, da Premium Times Hausa, da duk wanda mai wayar ke so, shi za a tambaya ba a zaɓar masa ba. Kowanne a danna ɗigo ukun nan na sama a zaɓi Add to Home screen. Sannan a share komai daga fuskar farko, a bar waɗannan kaɗai, huɗu ko biyar, nesa da juna.

Mataki na biyar: haɗa motsin da wayar

Nan ne gwajin murfin kwalba zai yi amfaninsa.

Mai iya tura abu da tafin hannu ko da ƙafa, a haɗa masa linzamin kwamfuta, wato maus. Android na karɓar sa ta Bluetooth ko ta ɗan mahaɗin OTG, wanda a wasu wayoyin sai an kunna shi a saiti. 'Yar tayar da ke tsakiyar maus ita ke gangarar da shafi, ko da gefen hannu aka murza ta. In dannawa ce matsalar, a kunna Autoclick: da kibiyar ta tsaya a wuri na ɗan lokacin da aka saita, wayar za ta danna da kanta. Na fi son na Bluetooth, domin na OTG yana toshe ramin caji, ga karatu na cin batir.

Mai danni ɗaya tak mai ƙarfi, ko da babban yatsan ƙafa ne, allon rubutu na kwamfuta zai yi masa. A ajiye shi a ƙasa ko a kan faranti. A cikin Chrome, dogon madannin nan na ƙasa yana sauko da shafi, kibiyoyin sama da ƙasa kuma suna tafiya kaɗan-kaɗan. A ɓalle madannan da ke kewaye da waɗanda ake buƙata, a manna murfin kwalba a kan na aikin don su yi tudu.

Amma gangarar da shafi kaɗai ba ta isa ba, sai mutum ya iya zaɓar labari, ya kuma iya komowa. Wannan aikin Switch Access ne, yana cikin Accessibility, in babu a sauko da shi daga Play Store. Yadda yake aiki kamar ɗan koli ne da ke ɗaga maka kaya ɗaya bayan ɗaya, kai naka kawai ka ce “wannan”. Wani zane mai launi zai riƙa kewaye abubuwan da ke fuskar waya bi da bi, in ya iso kan wanda ake so sai a danna. Mai madanni ɗaya ya zaɓi Auto-scan, zanen ya riƙa tafiya da kansa. A fara da jinkiri sosai, daƙiƙa uku a kan kowane abu, a riƙa ragewa yadda hannu ya saba. Mai madanni biyu ya fi morewa: ɗaya a ba shi aikin Next, wato matsawa gaba, ɗaya Select, wato zaɓa, babu mai gaggauta shi. In akwai na uku, a ba shi Back, don shi ne mafita duk lokacin da aka faɗa inda ba a yi niyya ba. Akwai kuma Ignore repeated presses a cikin saitinsa, mai karkarwa ya kunna.

Madannin kansa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Madannan allon rubutu suna yi. Ɗan rimot ɗin Bluetooth da 'yan mata ke ɗaukar hoto da shi, da yawansu Switch Access na gane su, sai dai madanninsu ƙarami ne ƙwarai. Mai gyaran waya zai iya buɗe shi ya jona siraran wayoyin lantarki biyu daga madannin zuwa babban maɓallin ƙararrawar ƙofa, a kafa maɓallin a jikin katako kusa da gwiwa ko haɓa. A sani cewa irin wannan rimot yana yin barci in an daɗe ba a taɓa shi ba, ƙaramin batirinsa kuma kan mutu ba sallama, don haka a ajiye na canji.

Wanda daga wuya zuwa ƙasa babu motsi, fuskarsa za ta zama madanni. Tun 2021 Google ta sa Camera Switches cikin Switch Access, inda kyamarar gaba ke gane motsi shida: buɗe baki, murmushi, ɗaga gira, duban hagu, duban dama da duban sama. Shawarata a nan daga yanayin karatu ta fito. Kada a ba duban hagu ko dama wani aiki, domin idon mai karatu dama hagu da dama yake yawo. Murmushi ma a yi hattara da shi, baƙo na yin sallama za a buɗe labarin da ba a nema ba, wanda kuma bakinsa ya karkace kyamara ba lallai ta gane murmushinsa ba. Ɗaga gira ya zama Next, buɗe baki ya zama Select, duban sama a ba shi dakatar da kyamarar, don ya samu damar yin hamma ko hira. Ana iya saita girman motsin da tsawon lokacin da za a riƙe shi. Tsarin na son haske a fuska, yana shan batir, yana kuma ɗumama waya, abin da ba wasa ba ne a zafin Maris da Afrilu na Bauchi. A cire mata riga, kada a ajiye ta inda rana ke bugawa. Ƙananan wayoyi masu ƙaramin ƙarfi kan yi nauyi da shi.

Saura murya. Voice Access na karɓar umarni da Turanci, ba ya jin Hausa, amma kalmomin da karatun jarida ke buƙata ba su da yawa, ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai haddace su: “scroll down”, “scroll up”, “go back”, “go home”, da “show numbers”, wanda ke sa wa kowane abu lamba sai ka ce “tap 7”. Ƙarar janareto da fanka na rikita shi, a sa abin kunne mai makirfo. Wanda lalura ta taɓa wa harshe kada a wahalar da shi da wannan hanya. Neman labari kuwa ana iya yin sa da Hausa, domin a 2024 Google ta ƙara Hausa cikin harsunan da bincikenta na murya ke ji.

Masu iPhone za su samu kwatankwacin duk wannan da sunayen Switch Control, Voice Control da Touch Accommodations, sababbin kuma har da sarrafawa da ido tun daga iOS 18. A kwamfuta mai Windows, danna Shift sau 5 na kunna Sticky Keys, wanda ke ba mai yatsa ɗaya damar danna madannai biyu ɗaya bayan ɗaya maimakon tare. Wanda ya yi rajistar bugun PDF na jarida, in ya buɗe shi a Adobe Acrobat Reader ya danna Ctrl da Shift da H, shafin zai riƙa gangarowa da kansa.

Mataki na shida: maganin talla

Babban abokin gabar mai karkarwar hannu a intanet shi ne tallar da ke faɗowa ta rufe labari, da ɗan gicciyen rufewa da bai kai ƙwayar gero ba. Kuskure kaɗan, sai ga ka a shafin caca. Ga mai Switch Access kuma kowace talla ƙarin zango ce da zanen zai tsaya a kai. Manhajar Reading mode ta Google, wadda ke aiki daga Android 9 zuwa sama, tana tsame rubutun labarin zalla ta ajiye shi da manyan haruffa, babu talla babu hoto mai motsi. A sauko da ita a kunna ɗan madanninta mai yawo a gefen fuska. A iPhone, Safari na da nata mai suna Reader, ana iya sa ta ta riƙa buɗewa da kanta a shafukan da aka zaɓa. Waɗannan manhajoji suna iya karantawa da murya, ga jaridun Turanci abin ya yi daidai, amma in muryar Turanci ta kama rubutun Hausa ba ka gane ko gaisuwa. A kuma hana shafuka turo sanarwa, a sa wayar kada saƙonnin WhatsApp su riƙa leƙowa ta sama.

Mataki na bakwai: a fita a bar shi

Bayan an gama saiti, a ce masa ya buɗe labari biyu a jaridu biyu daban, a fita tsakar gida. Ba laɓewa a bakin ƙofa ba. In ya kira, a dawo a tambaye shi inda ya maƙale, a gyara wannan wurin kaɗai, a sake fita. Yawanci abin da ke tsayar da mutum ƙarami ne: fuska ta mutu, allo ya zame, madanni ya yi nisa da inci ɗaya. Wasu wayoyin kuma, don tattalin batir, suna kashe Switch Access ko Voice Access a ɓoye, sai a shiga saitin batir a cire su daga cikin manhajojin da ake takurawa.

A tanadi fawa banki a ɗaure a bayan allon, igiyar a jone tun safe, tunda wuta ba ta da alƙawari. A bar masa hanyar kiran mutane wadda ba ta dogara da wayar ba, ko 'yar ƙararrawa ce a kusa da gaɓar da ke motsi. Mai raunin laka kuma kada daɗin karatu ya mantar da shi jikinsa: a keke ana so ya sauya nauyin zamansa duk bayan minti 15 zuwa 30, a gado a juya shi duk awa 2, saboda gyambon kwanciya.

Abin da ya fi ƙarfin aljihu, kamar tablet ko keke mai kyau, ana iya neman sa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta samar da hukumarsu ta ƙasa, Jihar Bauchi ma tana da tata hukumar, ga kuma ƙungiyar JONAPWD da ke haɗa ƙungiyoyinsu. A rubuta takarda a kai, amma kada a jingine aikin kafinta da na shumeka ana jiran amsa.

Duk saitin da ya zauna daidai a rubuta shi a takarda: wane madanni ke wane aiki, daƙiƙa nawa aka sa wa zanen, gurbi na nawa ƙafar allon ke shiga. A manna takardar a bayan allon da salatif. Ranar da wayar ta sabunta kanta, ko wani jika ya ɗauka ya yi wasa ya birkita komai, duk wanda ke gida zai iya mayar da ita yadda take cikin 'yan mintuna.